Shekarar da Na Hana Ɗiban Wuta

Da Allah zai ba ni dama in koma baya in warware abu ɗaya daga cikin abin da hannuna ya aikata, ba zan zaɓi rigimar da na yi da yayana a kan gidan mahaifinmu na Salaga ba, ko da yake ita kuka fi jin ana maganarta. Wata kyauta zan zaɓa. Ƙyastu ne da dutsen ƙanƙara da 'yar audugar rimi, na ƙulle a tsumma na miƙa wa wata tsohuwa a zauren gidana a Yendi, mutane suna kallo suna sa mini albarka. Ku da kuka tashi da ashana ba ku san ƙyastu ba. Ɗan ƙarfe ne da ake bugawa a jikin dutse, tartsatsi ya faɗa kan auduga ta kama. Tsohuwar nan ba ta ga girbin shekarar ba. Yunwa ce ta kashe ta, tsakanin ɗakinta da murhunmu kuwa katanga ɗaya ce. Ke Fati, ke da ƙannenki kun sha tambaya me ya sa ba a kashe wuta a gidan nan, me ya sa nake faɗa idan na ga an zuba wa garwashi ruwa. Mahaifiyarku ta koma ga Allah ba ta gaya muku ba, domin ta rufa mini asiri. Ni zan faɗa da kaina.

A Salaga aka haife ni. Kakanmu fataucin goro ne ya kawo shi, ya ga rijiyoyi ya zauna. Karatuna bai yi nisa ba: allo na ɗan taɓa, boko kuwa abin da wani akawu ya koya mini ne a bakin kanti, shi ne nake rubuta muku wannan da shi. Ina saurayi na shiga gidan Baturen da ke kula da hanyoyi a matsayin yaron kuku, ina wanke tukwane ina fere doya. Da aka mayar da shi Yendi ya tafi da ni, tsohon kukun ya ƙi barin Salaga, sai wuƙa da cokali suka dawo hannuna. Tun daga nan sunana ya zama Seidu Kuku. A zongon Yendi, wato unguwar baƙi Hausawa, na auri mahaifiyarku Memuna, 'yar gidan malamai. Mahaifinta ya ba ni ita da sharaɗin za ta zauna a gida kamar yadda matan gidansa suke zaune, ba kasuwa ba rijiya, ba ta fita sai da izinina. Na amsa da murna, domin a ganina girma ne.

Da yaƙin Jamus na biyu ya yi zafi, mu ba mu ji ƙarar bindiga ba, a murhu muka ji shi. Fetur ya yi wuya, motocin lori da ke hawowa daga Kumasi suka ragu har a daɗe ba a ji kukan mota ba. Kananzir ya ɓace daga kanti, ashana ta bi shi. Akawuna da 'yan kanti da a da suke girki da kananzir duk suka dawo kan gawayi da itace, samarin da ke shiga daji su saro itace su ƙona gawayi kuwa an kwashe da yawansu aikin soja. Matan Dagomba masu ɗauko itace a ka sai sun yi tafiya mai nisa, ɗaurin da a da ba a iya rungumarsa ya koma kamar damtsen hannu. A gidan Bature ma abin ya kai. Matarsa ta tsaya a kaina a kicin ta koya mini dabarun da ta ce haka ake yi a ƙasarsu tun da yaƙin ya soma. A jiƙa wake tun jiya. A yanka doya da nama ƙanana. A rufe tukunya a danne marfin da dutse, a ɗora wata tukunyar a kanta ta sha tururi. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta kwando: a cika babban kwando da ƙaiƙayi da tsohon buhu, idan wake ya tafasa a sauke shi da zafinsa a binne tukunyar a ciki a rufe, ya ƙarasa nuna da kansa babu wuta. Ranar da na buɗe na ga wake ya yi laushi na ɗauka sihiri ne.

Ba a daɗe ba aka kira Baturen aikin soja, matarsa ta sauka bakin teku. Suka bar mini murhun kananzir irin mai famfo da takalman da ba su shiga ƙafata. Murhun ya zama wurin da kazar Memuna take hawa ta kwana. Na koma gida ba aiki, ga ke Fati kina rarrafe, ga Memuna da wani cikin. Na ɗan taɓa saye da sayar da dawa, amma yawancin yini a zaure nake, idona a kan tukunya. Sai na kawo dokokin kicin ɗin Bature cikin gidana. Wuta sau ɗaya a yini, da hantsi, a dafa na rana da na dare a sa a kwando. Na gina wa murhu kariya daga iska. Ni nake fitar da itacen yini da hannuna. Ba zan ce muku dabarun nan banza ba ne, har yau da su nake girki, kuma su suka fitar da mu daga shekarun nan ba mu sayar da tabarmarmu ba. Abin da ya ɓata su shi ne yabon da suka jawo mini.

Maza suka fara taruwa a zaurena da safe suna tambaya. Akwai Yakubu direba, wanda motarsa take zaune a kan duwatsu ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, shi ne mai tsokana.

"Kuku, an ce tukunyarka da bargo take barci. Ni ɗan Adam ban samu ba."

"Idan ka yarda a tafasa ka tukuna, sai in sa ka a kwandon."

Aka yi dariya, amma da yamma shi ma ya aiko a duba masa nasa kwandon. Limamin unguwa ya ambace ni bayan salla, ya ce ga wanda ya san almubazzaranci haramun ne, a yi koyi da shi. Ni da ban sauke Alƙur'ani ba, liman yana kiran sunana a masallaci! Na dawo gida ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

A wancan zamani ba kowane gida ke kwana da wuta ba. Wadda tata ta mutu sai ta ɗauki tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, ta shiga maƙwabta ta ce ta zo ɗiban wuta, a zuba mata garwashi ta tafi tana hurawa. Ba a hana wuta, ba a tambayar dalili, ba a ma godiya sosai. Mai ɗiban wuta tana shiga har murhu ba tare da an ce me ya kawo ki ba. Mu maza a wurinmu iyakar abin ke nan.

Bayan katangarmu akwai ɗaki ɗaya da 'yar rumfa, nan Mma Lariba take. Tana ƙarama aka kawo ta kasuwar Salaga a ɗaure daga ƙasar Gurunsi, aka sayar, ta girma a wani gida a Yendi tana daka tana ɗebo ruwa. Da bauta ta ƙare ta yi aure, mijin ya rasu ya bar mata ɗa ɗaya, Musa, shi kuma yana cikin waɗanda aka kwasa aikin soja zuwa ƙasar Bama, labarinsa ya yanke. Ƙuli-ƙuli take yi ta sayar. Amma suyar gyaɗa itace take ci, da itace ya yi tsada kaskonta ya kife, ba ta gaya wa kowa ba. Ta taɓa faɗa wa Memuna cewa tun ranar da ta bar gidan bauta ta yi wa kanta alkawari ba za ta ƙara cin abincin da aka miƙo mata don tausayi a gaban mutane ba, wanda ta ci a tsugune a bayan ɗaki ya ishe ta har lahira. Kowace safiya sai ta shigo da tsingaronta, ta wuce ta gabana a zaure. Hausarta irin ta zongo ce, ba ta raba mace da namiji.

"Kuku, ka kwana lafiya? Wuta na ya mutu."

"Mma, wutar nan taki kullum mutuwa. Ko ruwa kike ba ta?"

"Tsoho ne kamar ni. Ya yi barci, ya manta tashi."

Abin da ake yi a ciki kuwa shi ne, Memuna ta zuba mata garwashi a tsingaro, sannan ta kwashi ragowar tuwon jiya da ƙanzo a 'yar ƙwarya ta tura mata ƙarƙashin mayafi. Ba mai cewa komai a cikinsu. Tsohuwa ta fito hannun dama riƙe da wuta a fili, na hagu a cikin mayafi. Abincinta ke nan na yini guda. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina ban sani ba. Ƙarya nake. Ni da nake gane an taɓa miya da kallon bakin tukunya, ya za a yi tuwo ya riƙa raguwa kullum ban gani ba? Na ga hannun nan a cikin mayafi. Na dai ƙi barin zuciyata ta ƙarasa lissafin.

Da damina ta faɗi abin ya ƙara tsanani. Rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai fito ba, itacen da ake samu jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya fi wuta yawa. Sai na ƙirƙiro tawa dabarar, wadda ba matar Bature ce ta koya mini ba. Da an gama girki sai in kwashe garwashin duka in zuba a tukunyar ƙasa in rufe bakinta ruf, ya mutu ya zama gawayin gobe. Ina da ƙyastu, gobe da hantsi in ƙyasta sabuwa. Wato gidana ya daina kwana da wuta. Memuna tana tankaɗe lokacin da na gaya mata, ta ajiye rariya.

"Malam, a bar ko ƙwaya uku a cikin toka."

"Na me? Ƙwaya uku yau, uku gobe, kafin wata ya mutu an ƙone ɗauri guda a banza."

"Masu ɗiban wuta fa?"

"Gidan nan kaɗai ne a zongo?"

"Ba wuta kaɗai ake ɗiba ba, Malam."

Na ji ta sarai. Na ce mata maganar mata ce, na fita.

Mma Lariba ba ta fasa zuwa ba. Sai ta zo da safe ta tarar da murhu a sanyaye, ta zauna a gindin turmi tana yi miki wasa, Fati, har hantsi ya yi in ƙyasta wuta, itace ya ci, a ɗebar mata daga ɗan garwashin da nake tattali. Abin ya riƙa ci mini rai. Maza suna zaure ina koya musu kada a bar ƙwaya ɗaya ta lalace, ga tsohuwa tana wucewa ta gabansu da garwashina a tsingaro. Yakubu ya ce, "Kuku, tulunka yana yoyo ta gindi." Wannan maganar ce ta kai ni wurin maƙeri.

Washegari na jira zaure ya cika, liman ma yana nan. Da ta shigo na tsayar da ita.

"Mma, zo ki ga abin da ɗanki ya kawo miki."

Na kwance tsumman a gaban kowa. Na nuna mata yadda ake riƙe dutsen, yadda ake ɗora auduga, na ƙyasta sau biyu ta kama. Na ce daga yau ta huta da yawon safiya cikin raɓa da taɓo, ga wutarta a hannunta, ba ta buƙatar ta kowa. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ce haka ake riƙe maƙwabci. Kowa ya shafa. Ita kuwa ta tsaya da tsingaro a hannu ɗaya, ƙullin a ɗaya, tana kallon ƙofar cikin gida. Daga inda take ana hango Memuna a bakin murhu.

"Kuku," ta ce, "ka yi ƙoƙari. Yanzu ba ni da abin da zan zo nema."

"Sai gaisuwa, Mma."

"To. Sai gaisuwa."

Ta juya ta fita. Tsingaron ta ajiye shi a jikin katangar zaurena, a hankali, kamar kada ya fashe. Ranar tuwon Memuna ya yi gudaji, ban taɓa ganin haka a hannunta ba.

Mma Lariba ba ta ƙara shigowa ba. Da yamma Memuna ta ɗora ƙwarya a kan katanga ta kira ta ƙasa-ƙasa. Ina jin amsar daga ɗakina.

"Ɗauke, 'yata. Mutane na wucewa. Na dafa nawa."

Ƙwaryar ta kwana a nan har kaji suka hau suka kifar da ita. Memuna ta sake gwadawa, ta sake, amsar ɗaya ce. A unguwa kuwa akwai abin da mata suke dubawa: gidan da aka wayi gari ba hayaƙi, to za a leƙa a ga lafiya. Gidan Mma Lariba kullum da hayaƙi. Kowace safiya ina jin ƙarar ƙyastuna ta bayan katanga, ƙyas, ƙyas, jim kaɗan farin hayaƙi ya tashi. Na kira Memuna na nuna mata.

"Kin gani? Ga shi tana girkinta. Ke ce kike neman mayar da ita mabaraciya."

Ta ɗaga kai ta shaƙa.

"Malam, kai ne kuku. Me take dafawa?"

Hayaƙin girki yana zuwa da wani abu a bayansa, ko daddawa, ko ƙaurin tuwo, ko man kaɗanya. Wannan ɗanyen ganye ne kawai. Hancina ya gaya mini tun ranar farko.

Bayan 'yan kwanaki Memuna ta same ni bayan sallar asuba, ta durƙusa da ƙyar saboda cikin ya tsufa. Tsingaron nan ne a hannunta, ta sa an ɗauko mata shi daga zaure.

"Malam, ina neman izini. Wutarmu ba ta kwana. Ka bar ni in je gidan Mma in ɗebo wuta."

"Ga ƙyastu a rataye."

"Na gan shi. Ka bar ni in je ɗiban wuta. Ta rantsar da ni ba zan faɗi komai ba, ba zan faɗa ba. Ni dai ka bar ni in shiga da tsingaro a hannu, in fito. Kullum sau ɗaya. Ba za ta kore ni ba, ba a hana wuta."

Na dubi mayafinta, hannunta na hagu yana ciki. A nan ba ni da sauran mafaka, na gane komai, kuma na gane hanyar da ta samo ita ce kaɗai tsohuwar za ta karɓa. Kalma ɗaya ake nema a bakina. Amma abin da ya zo mini shi ne zauren nan cike da maza, da matar Seidu Kuku, 'yar malamai da ba ta taɓa taka waje ba, tana wucewa ta gabansu da tsingaro za ta roƙo wuta a gidan tsohuwar da na yi wa kyautar ƙyastu. Na ji dariyar Yakubu tun kafin ya yi ta. Na ji liman yana tambaya ina dabarar take.

"Ba yanzu ba," na ce. "Bari a kwana biyu, mutane su rage zuwa. Zan san yadda zan yi."

"Ciki ba ya jiran a kwana biyu, Malam."

"Na ce ba yanzu ba."

Ta tashi ta dafa bango ta koma ɗaki. A raina na yi niyyar in samo wata dabara, in sayi ƙuli-ƙuli a hannun Mma Lariba ko in ba ta aikin tsince dawa. Kullum sai in ce gobe. Sau ɗaya na gan ta a kwanakin nan, tana dawowa daga bayan gari da ganye a bakin zane, tana tafiya tana hutawa. Wuyan rigarta ya yi mata yawa. Na gaishe ta, na ce yaya ƙyastu.

"Yana aiki, Kuku. Bai taɓa ƙi ba."

Ranar da hayaƙi bai tashi ba, ruwa aka kwana ana yi. Mata suka lura kafin hantsi. Na ji ana bubbuga ƙyauren Mma Lariba, sai salati. Ina zaune a zaure. Can sai ga Mma Sanatu, wata dattijuwar Badagomba da ke yi wa matan unguwa wankan gawa. Ba ta yi mini gaisuwar safiya irin tasu ba, ta tsaya a kaina.

"Na zo ɗiban wuta. Za mu ɗumama mata ruwa."

Gidana ne mafi kusa, shi ya sa ta zo. Na shiga da ita har murhu. Toka a sanyaye, tukunyar gawayi a rufe ruf yadda na bar ta. Na ɗauko ƙyastu, audugar ta sha danshi, na buga na buga tartsatsi yana faɗuwa yana mutuwa. Memuna tana zaune a ƙofar ɗaki ba ta ko kuka. Mma Sanatu ta gaji da tsayuwa.

"Bar shi. Zan nema a gidan da ake da ita."

Da ta kai ƙofa ta juyo.

"Kuku, kai ka san tukunya. In an fita da ita, shiga ka duba tata."

Bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga rumfar. Murhun cike yake da tokar ganye, fara, marar nauyi, babu ko guntun itace. Tukunyar tana kife a gefe. Na ɗaga ta, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, har da ƙwai. Ƙyastun yana kan dutsen murhu, bakinsa ya yi haske saboda aiki, audugar saura kaɗan. Ni na rufe mata ƙofar da take shiga ta ci, ni kuma na ba ta abin da ta rufe wa unguwa ido da shi. Mazan da suka ɗauki makara suna ta cewa ba su taɓa ɗaukar babba marar nauyi irinta ba. Aka ce tsufa ne. Liman ya ce ciwon ajali. Ban gyara musu ba.

Memuna ta haihu bayan wannan da kaɗan, kai ne Alhassan. Ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, ko sau ɗaya, har ta rasu. Abin da ta yi kawai, ranar da ta koma murhu ta ɗauki tukunyar gawayin nan ta kai bayan gida ta sake ta a kan dutse. Na ji ƙarar, ban fito ba. Daga ranar wuta ta koma kwana a gidanmu, ni nake rufe ta da toka da hannuna.

Da yaƙi ya ƙare Musa ya dawo, da rai, da ƙafa ɗaya mai ɗingishi. Ya zo zaurena da kakinsa, ya durƙusa. Ya ce duk wanda ya tambaya a zongo sai ya ce masa Kuku ne ya riƙe uwarsa, har ƙyastu ya saya mata don kada ta wahala. Ya kama hannuna da hannu biyu yana kuka, ya ajiye mini bargon soja, ya ce ba shi da abin da ya fi shi. Yakubu yana gefe ya ce, "To, Kuku, yau kai ma ka samu bargo." Na karɓa. Na ce masa ba komai, yi wa kai ne. Wannan ita ce cuta ta biyu da na yi musu, kuma ban san wadda ta fi muni ba. Ban iya ci gaba da zama a garin da ake nuna ni ana cewa ga mutumin kirki ba. Kafin wata daminar na kwashe ku muka hau Bawku, na shiga cinikin hatsi. Kun tashi kuna jin wai kasuwa ce ta kawo mu. Bargon shi ne wanda yake ƙasan akwatina, wanda na hana ku shimfiɗawa. Musa ya rasu a Yendi ban gaya masa ba. Na nemi gafarar Allah, tasa kuwa na bari ta wuce ni.

Yanzu ba a ɗiban wuta, ashana ta cika kasuwa, wasunku ma da gas suke girki. Ku yi tattali, ban hana ku ba, ku rufe tukunya ku jiƙa wake. Amma za a zo muku. Wata za ta zo aron turmi kullum, wani zai zo neman gishiri kaɗan, ko ya ce ya zo jin labarai a rediyonku daidai lokacin da ake sauke tukunya. Ina roƙonku don Allah, kada ku yi abin da na yi. Kada ku saya mata nata turmin. Ku ba ta aron, ku kau da ido daga hannun da yake cikin mayafi, gobe ma ta dawo.